Ɗaki Marar Taga

"Nan ma a sa ɗaya," in ji Alhaji Yusha'u, yana ƙwanƙwasa kusurwar bango da kan sandarsa. "Ina so in ga duk wanda ya tsaya a bakin get tun kafin ya ɗaga hannu ya buga."

Isma'ila, ɗan ƙanwarsa, ya yi alama da gawayi a wurin. "An gama, Kawu."

Aziza na biye da su da gorar ruwa da ledar magungunan mahaifinta. Tun safe suke zagaya sabon ginin da ke can ƙarshen Unguwar Rimi. An yi rufi, saura filasta. Leburori sai tsaga bango suke da injin yanka, suna cusa bututun roba da wayoyi za su bi, ƙurar siminti ta yi wa kowa fari a gira. Wannan bututu na kyamara ne, wancan na ƙararrawa, na can kuma na wayar lantarkin da za ta zagaye kan katanga. Isma'ila ya ce duk abin da ba a binne yanzu ba, gobe sai an fasa gini.

Ta dubi bayan mahaifinta, idonta ya kawo ruwa. Wannan mutumin da ya yi ritaya daga aikin gwamnati da ƙibarsa da barkwancinsa, yau riga ce kawai ke rataye a kan ƙashi.

Bara da damina masu garkuwa da mutane suka haura gidansu na Rigasa suka tafi da shi. Ya daɗe a daji har aka fara fid da rai. Isma'ila ne ya ɗauki abin da suka nema, ya shiga dajin da ƙafarsa, ya goyo kawunsa a baya ya fito da shi. Tun daga ranar, a wurin Baba maganar Isma'ila yankan wuƙa ce.

Tun daga ranar kuma sunan Sharhabil ya haramta a gidan.

Sharhabil injiniyan lantarki ne, shi ya sa musu sola da kyamarori a tsohon gida, a nan ma suka fara ganin juna da Aziza. Har an sa musu rana. Amma a makon da abin ya faru an ɗauke wuta, hadari ya rufe sama babu rana, batira suka mutu. Kyamarorin ba su ɗauki ko inuwar mutum ba. Baba na dawowa daga asibiti, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka mayar wa dangin Sharhabil kayansu.

"Mu je ɗakina," in ji Baba.

Aziza ta tsani ɗakin nan.

A tsakiyar gidan yake, a bayan inda za a kafa babbar durowar kaya. Bulonsa cike da kankare, ba taga, ba ko 'yar kafar iska ta kirki. Ƙofa ɗaya ce, ta baƙin ƙarfe, mai makullin lantarki. A nan Baba ya ce shi da Umma da Husaina ƙanwar Aziza za su riƙa kwana. A nan kuma za a jera batira da inbata na sola da talabijin ɗin da ke nuna kyamarori, don kada wani ya iya kashe su daga waje. Ko birkilan da ya gina shi daga wani gari aka ɗauko shi, aka mayar da shi.

Suna tsaye a ciki sai hayaniya ta tashi a bakin get.

"Ku bar ni in gan shi! Magana ɗaya zan faɗa in tafi!"

Gorar ruwan ta kusa suɓuce wa Aziza. Ko a cikin barci ta san muryar nan.

Kafin su fito tsakar gida, Sharhabil ya riga ya kutsa, masu gadi biyu na riƙe da rigarsa. Ya rame, ya yi baƙi. Yana ganin Baba ya zube a kan yashi, gwiwa biyu.

"Baba, ina kwana."

Baba ya kau da kai.

"Ban zo don maganar aure ba, wallahi," in ji Sharhabil. "Na zo ne kafin a yi filasta. Baba, don girman Allah kada ka sa batira a ɗakin da za ku kwana. Batir yana zafi, yana iya kamawa da wuta, hayaƙinsa kuma kisa yake. Ɗaki ba taga, ƙofa ɗaya, makullinta na lantarki. In wuta ta tashi ta cinye waya, wa zai buɗe muku? Umma da ciwon gwiwa, ina za ta bi? A fasa ƙaramar ƙofa ta baya, mai sakata ta ciki. Ba sai ni zan yi ba, kowa ma ya yi. Ni dai a yi."

Injin yanka ya yi shiru. Leburori duk sun tsaya suna kallo.

"Ƙofar baya," in ji Baba a hankali. Sai ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Kun ji ko? Wancan karon ya kashe musu kyamara, wannan karon ƙofa yake so a bar musu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba, ni?"

"Kada ka ƙara ce mini Baba."

Isma'ila ya matso ya riƙe kafaɗar kawunsa. "Kawu, hawan jininka. Bari su fitar da shi kawai."

Amma Baba ya ture hannun. Idanunsa sun ƙanƙance, kamar wanda ya tuna wani abu.

"Tsaya. Kai, wa ya gaya maka akwai ɗaki a gidan nan? Wa ya ce maka ba shi da taga?"

Sharhabil bai dubi Aziza ba, ya kafe idonsa a ƙasa. Amma rashin dubanta ɗin ma magana ce.

Baba ya juyo a hankali.

"Ni ce, Baba," in ji ta. "Tsoro nake ji. Na kasa barci saboda ɗakin nan, shi ne na tambaye shi a waya ko..."

Ba ta ƙarasa ba. Sandar ta faɗi ƙasa, Baba ya dafe ƙirji ya sulale, Isma'ila ya tare shi.

Da la'asar likita ya zo ya duba shi a gidan hayar da suke zaune, ya yi masa allura ya tafi. Umma, Hajiya Ramatu, ta fito daga ɗakin tana jan ƙafa, idonta jawur.

"Yana kiranki. Aziza, don darajar nonon da kika sha, duk abin da ya ce ki ce to."

Ɗakin duhu ne, labule a sauke kamar kullum. Baba na kishingiɗe, fuskarsa na kallon bango. Ta durƙusa a gefen gado.

"Baba, ka yafe mini."

Bai juyo ba.

"Sunan mahaifiyata na sa miki," ya ce. "Tun kina zanen goyo ban taɓa kiran sunanki ba, sai dai Uwata. Ashe uwa tana nuna wa kura inda ɗanta yake kwana?"

Kuka ya ƙwace mata. "Wallahi Baba ba shi ba ne! Ranar da aka tafi da kai, shi ya fara zuwa. Har suma ya yi a tsakar gida. Wuta ce babu, rana babu, kowa a layinmu ya san haka."

"Kowa ya sani." Ya juyo ya dube ta. "To ga abin da kowa bai sani ba. Da suka shigo, ba su buɗe ɗakinki ba, ba su buɗe na uwarki ba. Kai tsaye ɗakina suka zo, cikin duhu, ba su yi tuntuɓe da ko bokiti ba. Babbansu ya haska ni ya ce, tashi Sha'u. Sha'u! Sunan da daga 'yan uwana sai wanda ya zauna a cikin gidana ya ji ana faɗa. Wane baƙo ne ya shiga kowane ɗaki na gidan nan da tsani da waya a hannu, in ba shi ba?"

"Masu fenti sun shiga, Baba. Mai gyaran famfo ya shiga. 'Yan aiki nawa muka yi?"

"Su ba su ce a bar musu ƙofa ba."

Ya ja hannun rigarsa sama. Ta kau da kai, don ta san tabon igiyar da ke wurin.

"Dubi nan. Dubi, na ce! A jikin bishiya suka ɗaure ni, ruwa ya dake ni, rana ta dake ni. Wani ɗan kasuwa da aka ɗaure mu tare, a gabana ya cika, ba su kwance gawarsa ba sai da ta fara wari. Kullum in na rufe ido a can nake farkawa. Abu ɗaya na roƙi Allah, ɗakin da zan kwanta in san ba mai shigo mini. Shi ne kika ɗauka kika ba shi."

"Don ina son ka ne, Baba. Ina tsoron in wayi gari a ce mini hayaƙi ya..."

"Gara wuta," ya katse ta. "Wuta ta Allah ce. Gara ta cinye ni da in ƙara ganin fuskar mutanen nan."

Ta kifa kai a kan katifa tana kuka kamar ranta zai fita. Bai taɓa ta ba.

"Ke ba yarinya ba ce, kina aikinki, kina da hankalinki," ya ce. "Ba zan ɗaura miki aure da wanda ba kya so ba, ban yi wa kowa ba. Isma'ila ya nuna yana so, na ce masa sai abin da kika ce. Amma ki ji da kyau. Ranar da kika zaɓi yaron can, ba ni zan ba da ke ba, kuma ƙafarki ba za ta taka gidana ba. In na mutu, kada a bar ku ku tsaya a kan gawata. Tashi ki ba ni wuri."

Washegari ta fito za ta wurin aiki, ta tarar da motar Isma'ila a ƙofar gida. Ya sauke gilashi.

"Shigo in sauke ki."

"Na gode, Yaya Isma'ila, zan hau Keke."

"Maganar ɗakin ce."

Ta shiga. Suka yi ta tafiya har suka tsaya a danja.

"Yaron nan gaskiya ya faɗa," ya ce, idonsa na kan titi. "Mai haɗa mana wayarin ma ya gaya mini haka tun farko. Ɗakin nan tarko ne."

Ta juyo da sauri. "Ka sani? Ka sani ka yi shiru jiya, aka yi masa wannan cin mutuncin?"

"In ce me? In goyi bayan wanda Kawu ke gani a matsayin ɗan leƙen asirin ɓarayi? Da ni ma ya daina jin maganata, shi ke nan ba mai iya gaya masa komai."

"To ka gaya masa yanzu! Kai kaɗai yake ji."

"Zan iya." Ya saki numfashi. "Zan iya lallaɓa shi a fitar da batiran, a fasa ƙofa ta cikin banɗaki, a rufe ta da tayil yadda ba mai ganewa. Amma ba zai yarda ba muddin yana ganin duk abin da kika sani zai isa kunnen Sharhabil. Sai ya tabbata kin rabu da shi har abada. Kin kuma san hanya ɗaya ce za ta tabbatar masa."

"Ciniki kake yi da ni? Da ran kawunka?"

Fuskarsa ta canza. "Ran kawuna ni na shiga daji na ɗauko shi, Aziza, lokacin da masoyinki ke suma a tsakar gida. Da aka ɗora mini bindiga a ka, ke na tuna. Tun kina sakandare nake son ki, ba ki taɓa yi mini kallon mutum ba. Ban ce ni waliyyi ba ne. Amma abin da na gaya miki shi ne gaskiyar yadda Kawu yake, ko da ni ko ba ni."

Danja ta ba da hannu, ya ja mota.

"Jibi masu filasta za su fara ta ɓangaren nan," ya ce. "In suka shafe bangon, magana ta ƙare."

Ba ta iya aikin komai ba ranar. Ana yin azahar ta nemi izini, ta hau Keke zuwa Rafin Guza.

Shagon Sharhabil na cikin wani lungu, tsakanin mai walda da mai sayar da gawayi. Da can cike yake da faifan sola da yara masu koyon aiki. Yanzu kantoci sun yi fayau. Tun da maganar ta bazu cewa ana zarginsa, ba mai yarda ya shigar da shi gidansa.

Yana zaune a kan benci, leɓensa a kumbure inda masu gadi suka buge shi. Da ya gan ta ya miƙe.

"Ya jikin Baba?"

Tambayar ce ta karya mata zuciya. Ta zauna a bakin benci ta rufe fuska da mayafi.

"Ni na jawo miki," ya ce. "Da na yi tunani da ban je ba. Amma tun da kika gaya mini, in na rufe ido sai in ga Umma tana dukan ƙofar ƙarfe."

"Sharhabil, gaya mini gaskiya. In aka bar ɗakin a haka, lallai ne wani abu ya faru?"

"Ba lallai ba ne. Ana iya shekara goma lafiya. Ana kuma iya wata ɗaya. Waya ɗaya ce za ta yi zafi a cikin bango, shi ke nan."

"In an fitar da batiran, an yi ƙofar?"

"In an yi haka, ni kaina zan iya kwana a ciki." Ya dube ta da kyau. "Ya yarda ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Aziza, wa zai sa shi ya yarda?"

Hawaye suka ci gaba da zuba, ta kasa haɗa ido da shi. Ta ji lokacin da numfashinsa ya tsaya.

"Isma'ila," ya ce. "Me ya ce ki ba shi?"

"Ka yafe mini..."

"A'a. A'a, wallahi!" Ya buga hannu a kan kanta har kwalin sukurori ya zube. "Sun ƙwace mini suna, sun ƙwace mini sana'a, mahaifiyata ba ta iya zuwa biki a unguwar nan saboda nuni da baki. Duk na haƙura, don na san ke kin san ni. Yanzu ke ma in ba da ke? A kan ƙofa?"

"Iyayena ne! Husaina ce! In wani abu ya same su alhali ina da yadda zan yi, da wane ido zan dube ka? Kullum na kalle ka su zan gani."

"Ni kuma in na gan ki a motarsa me zan gani?"

"To ya zan yi? Gaya mini, ya zan yi?" Ta zame daga bencin ta durƙusa. "Ban taɓa son kowa ba sai kai, Allah shi ne shaida. Ko an kai ni gidan wani, gangar jiki ce za a kai. Amma ba zan iya zaɓen farin cikina a kan numfashin Umma ba."

Ya tsaya yana kallonta, hawaye na bin gemunsa. Can sai ya share fuska da bayan hannu. Wata irin natsuwa ta sauko masa, wadda ta fi ihun ba ta tsoro.

"Ƙofa ce matsalar ko? Rami ne kawai a jikin bango."

Ya shiga ƙuryar shagon, ya fito da babbar guduma.

"Me za ka yi?"

"Zan fasa ta da hannuna. In ramin ya samu, dole su sa masa ƙofa ko su sake gini, kuma duk ma'aikatan wurin za su ji dalili. Ba wanda zai ƙara sayen ki da shi."

"Ka haukace? Tun jiya aka ƙaro masu gadi, har da mai bindiga! In suka gan ka da guduma ɓarawo za su ce!"

"Ai sun riga sun ce."

Ta riƙe hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya zare a hankali, ya ɗaure gudumar a bayan mashin ɗinsa. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa yana kallonsu.

"Sharhabil! Don Allah! Don son da kake yi mini!"

"Don shi ne," ya ce, ya tayar da mashin.

Ta bi shi da gudu har bakin lungu, takalminta ɗaya ya cire. Kafin ta kai titi ya ɓace a cikin Kekuna.

Ta lalubo waya. Sau biyu tana kuskuren lamba kafin ta shiga.

"Yaya Isma'ila, na amince! Na amince, ka ji? Duk ranar da kuka sa. Amma ka kira masu gadinka yanzu-yanzu. Sharhabil na hanyar ginin da guduma, ba cutar da kowa zai yi ba, bango kawai zai fasa. Ka ce kada wanda ya taɓa shi!"

Ta duba wayar, ta zaci layin ya yanke.

"Kana ji na?"

"Ina ji," in ji Isma'ila. "Aziza, ni ina can unguwar Kawo, kuma ba ni ke ba su umarni yau ba. Kawu ya matsa sai da aka kai shi wurin tun da hantsi. Yana zaune a bakin get, ya karɓi bindigar mai gadi ya ɗora a cinyarsa."